A rubuta lambobin na'urorin ofis tun ranar da suka iso

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani sakaci da ke cin dukiyar ofisoshinmu a nan Yamai, na gwamnati da na masu zaman kansu, wato rashin rubuta lambobin shaida na na'urorin intanet da wayoyin tebur. Sana'ata ita ce haɗa waɗannan na'urori da gyara su, kuma abin da nake tararwa kusan ko'ina shi ne takardar karɓar kaya da aka rubuta a kanta "wayar tebur 12, ruta 2, suwic 1", aka sa hannu aka buga hatimi, ba tare da lamba ko ɗaya ba. Ruta ita ce na'urar da ke karɓo intanet ta raba shi a ofis, suwic kuma shi ne akwatin da igiyoyin kwamfutoci da wayoyi suke haɗuwa a jikinsa. Irin wannan takarda tana faɗin yawan kaya, amma ba ta iya shaida cewa wayar da ke kan teburin sakatariya yau ita ce wadda aka saya da kuɗin ofis bara. Babu mai sayen babur a garin nan bai duƙa ya gwada lambar da ke jikin ƙarfensa da wadda ke cikin takardar mallaka ba, alhali suwic guda na babban ofis yana iya fin babur tsada.

Lamba ta farko da ya kamata a nema ita ce lambar siriyal, wadda kamfani yake ba kowace na'ura ita kaɗai. Ana samun ta a ƴar takardar da aka manna a ƙarƙashin na'urar ko a bayanta, bayan haruffan S/N ko SN, kusa da zanen baƙaƙen layukan nan da na'urar shago ke karantawa, kuma akan maimaita ta a gefen kwalin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwafi lambar samfuri, wadda dubban na'urori suke tarayya a kanta, ko kuma a kwafi abin da ke jikin caja, wadda ita ma tana da tata takardar. Gane wannan ba shi da wuya: duk rajistar da aka ga wayoyi biyu suna da lamba iri ɗaya a cikinta, to samfuri aka rubuta, sai a koma a sake dubawa.

Ta biyu ita ce lambar MAC, kuma a wayoyin ofis na zamani, waɗanda ke aiki ta igiyar intanet, ita ce aka fi bukata kullum. Tana da alamomi 12, yawanci a jere biyu-biyu, kuma ba a amfani da komai a cikinta sai lambobi daga 0 zuwa 9 da haruffa daga A zuwa F. Saboda haka duk wanda ya ga kamar harafin O ko I a cikinta, ya san sifili ne ko ɗaya. Alamomi shida na farko na kamfanin da ya ƙera na'urar ne, ƙungiyar IEEE ce take raba su ga kamfanoni. Misali 00:15:65 na Yealink ne, 00:0B:82 kuma na Grandstream. Na'urar da ke raba layukan waya a cikin ofis da wannan lamba take gane kowace waya, ta ba ta layinta da sunan mai ita, har ma a tsarin kamfanin Cisco sunan wayar shi ne haruffan SEP sai lambar MAC ta biyo baya. Shi ya sa idan ma'aikaci ya kira mai gyara ya ce wayar darakta ta daina aiki, tambayar farko da za a yi masa ita ce wannan lamba, kuma idan tana rubuce a rajista sau da yawa ana iya gano matsalar daga nesa, ba sai an jira mutum ya ƙetare gari da tsakar rana ba. Ruta kuwa takan zo da lambar MAC fiye da ɗaya, domin ɓangaren da ke karɓo intanet da ɓangaren wifi kowanne da tasa, don haka a rubuta wadda ke jikin takardar tare da bayanin ko ta wane ɓangare ce.

Dalilin da ya sa nake nacewa a yi wannan aiki ranar da kaya suka iso shi ne, takardun nan ba sa jure yanayinmu. Zafin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, yana haɗuwa da ɗumin na'urar kanta ya busar da gam ɗin, ƙurar hunturu ta lulluɓe rubutun, mai shara ya bi da jiƙaƙƙen tsumma, bayan ƴan shekaru sai a tarar da farar takarda babu komai a kanta. Ga kuma na'urar wifi da aka kafe a rufin ɗaki ko suwic da aka ɗaure a cikin akwatin ƙarfe, takardarsa tana fuskantar bango, ba a iya karanta ta sai an kwance an katse wa ofis duka intanet.

Idan takarda ta riga ta goge, lambobin suna nan a cikin na'urar. A yawancin wayoyin Yealink, danna maɓallin OK lokacin da wayar ba ta kan kira yana fito da shafin da ke nuna lambar MAC da adireshin IP, wato adireshin wayar a kan hanyar intanet ta ofis. A wayoyin Cisco ana shiga saituna ne a nemi bayanin waya. Ruta kuma ana buɗe shafinta daga kwamfutar da ke haɗe da ita, ta hanyar rubuta, a wurin da ake sa adireshin shafin intanet, 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, ko 192.168.8.1 a ƙananan na'urorin Huawei masu katin SIM. A suwic na Cisco mai gyara yana rubuta umarnin show version ya ga lambar siriyal, wadda galibi alamomi 11 ce, a na'urorin kamfanin MikroTik kuma tana cikin saituna ƙarƙashin System, a sashen RouterBOARD.

A nan ne abin da ya fi muhimmanci yake: lambar ciki da ta waje dole su yi daidai. An taɓa kira na wani ofis a kan wayar da aka kai gyara aka dawo da ita ta ƙi karɓar layinta. Na juya ta, takardar da ke ƙasanta ita ce ta asali, har da ɗan tabon biro da mai kula da mangaza ya gane. Da na danna OK sai wata lambar MAC daban ta fito. Murfin nasu ne, amma allon lantarkin da ke ciki na wata wayar ne. Mai yiwuwa mai gyaran ya musanya shi ne da kyakkyawar niyya don wayar ta tashi, mai yiwuwa kuma ba haka ba ne, sai dai ofishin ba shi da wata takarda da zai riƙe ya yi magana da ita. Tun da wasu na'urori suna barin a sauya lambar MAC daga saituna, ita kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an haɗa ta da lambar siriyal.

Duk na'urar da ake sa wa katin SIM, wayar salula ce ko ƙaramar wifi ta aljihu, tana da lambar IMEI mai lambobi 15. A salula ana danna *#06# ta fito, kuma mai SIM biyu takan nuna guda biyu. A wifi ta aljihu tana ƙarƙashin batir. Katin kansa yana da doguwar lamba a jikinsa da ke farawa da 89, sai 227 na Nijar ya biyo baya. Akwatin intanet na igiyar fiba shi ma yana da tasa lambar, wadda sau da yawa take farawa da HWTC idan na Huawei ne ko ZTEG idan na ZTE ne, kuma da ita kamfanin sadarwa ya yi masa rajista, shi ya sa wanda aka sayo a kasuwa aka maye gurbinsa da shi ba ya kamawa sai kamfanin ya shigar da sabuwar lambar.

Roƙona na farko ga ƴan kasuwa ne, su riƙa rubuta lambar siriyal a kan rasit, domin ita ce za ta raba gardama idan aka dawo da kaya a cikin wa'adin garanti, kuma tana kare mai shago kamar yadda take kare mai saye. Wanda zai sayi na hannu, a kasuwar Katako ne ko a wurin wani sananne, ya nemi a kunna na'urar a gabansa ya gwada lambar ciki da ta waje. Shugabannin ofisoshi kuma su hana sa hannu a takardar karɓar kaya ko ta miƙa aiki tsakanin mai tafiya da mai zuwa matuƙar babu lambobi a ciki, domin ranar da aka fasa ofis, abin da ƴan sanda za su iya aiki da shi ke nan. "Ruta fara mai eriya biyu" ba ta bambanta da ɗaruruwan irinta da ke kasuwa.

Ɗaukar hoton takardar da salula yana rage kuskuren kwafi, amma a kula, domin a jikin ruta takardar nan ɗaya ce take ɗauke da kalmar sirrin wifi da ta shiga saituna, don haka a rufe wannan wuri da yatsa kafin a tura hoton a zauren WhatsApp na ma'aikata. Rajistar kanta ba ta bukatar fiye da littafi guda da kwafinsa a kwamfuta: sunan na'ura, samfuri, lambar siriyal, lambar MAC ko IMEI, ɗakin da take, ranar saye da sunan shagon. Kayan da aka riga aka kafe kuwa, a haɗa rubuta lambobinsu da ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara, a gayyato mai gyara ranar ya karanto na cikin na'urorin da ba a iya juyawa.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Wani mai haɗa na'urorin sadarwa,
Unguwar Wadata, Yamai.