Wasiƙa zuwa ga ɗana da ya gama bautar ƙasa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta faɗa mini abin da ka ce mata a waya, wai ƙasar nan ta riga ta mutu, neman aiki wahalar banza ce. Ban ce maganarka ba ta da tushe ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, ga yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya cinye muku wata takwas. Duk wanda ya ce maka komai lafiya lau, yaudararka yake yi.

Amma bari in ba ka labarin Kakuri, unguwar masaƙu a nan Kaduna, tunda kai rufaffun ƙofofi kawai ka tarar. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, aka rufe ta a 2002, masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007. Mutum iri biyu na ga sun fi jigata. Akwai waɗanda ba su taɓa kawo wa ransu masaƙa za ta tsaya ba, albashi na shigowa suna cinyewa. Akwai kuma waɗanda tun ranar da aka rufe suka shimfiɗa tabarma a gindin bishiya suna zagin gwamnati, wasu har gobe suna nan. Waɗanda asirinsu ya rufu su ne masu tsoron gobe a wajen lissafi: suna zuba adashi, suna riƙe da gona a ƙauye, kuma da abin ya faru washegari suka fita nema.

Ka sake karanta Suratu Yusuf. Annabin da ya sa a tara hatsi a zangarniyarsa saboda shekara bakwai na fari, mahaifinsa ne ya ce kada a yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Don haka ka ci gaba da kai takardunka, amma kada ka zauna jiransu. In ka dawo ka je kasuwar Panteka ka koyi haɗa sola. Da irin wutar da ake samu yanzu, masu wannan sana'a ba sa rasa na cefane. Batun sayar da filinka don biyan ɗan kwangilar da zai bi da kai ta Agadas kuwa, ban yarda ba, kada ma ka sake ɗaga wa mahaifiyarka hankali da shi.

Ƙannenka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Tudun Wada, Kaduna