Likita ya yabi allura, bai faɗi kuɗinta ba

Assalamu alaikum Edita,

Gaskiya shirinku na lafiya na daren Laraba ya ɓata min rai. Likitan nan ya zauna yana ta yi wa allurar Dupixent kirari kamar an gama da eczema, ciwon fatar nan mai ƙaiƙayi, a duniya, wai tun 2017 aka amince da ita a Amurka, wai kai tsaye take zuwa ta toshe sinadaran garkuwar jiki da ke tayar da ƙaiƙayin, to duk mun ji, amma don Allah nawa ce? Shi bai faɗa ba, mai gabatarwa ma ko tambaya bai yi ba. Lokacin da ta fito kuɗin shekara ɗaya dala 37,000 ne, ku buga a naira ku gaya min wa zai iya a Kano.

Yarona bayan gwiwarsa da lanƙwasar hannu duk sun yi kauri sun yi baƙi, cikin dare susa yake har jini ya ɓata zanin gado, sai na saka masa safa a hannu sannan mu samu barci, in hunturu ya shigo kuwa ba a magana. Yana jin shirin ya ce Umma yaushe za a yi min allurar. Ku kuka ja min, me zan ce masa?

Kuma ba warkewa ake ba fa, kwantar da ciwon take yi, babba duk sati biyu sai ya sake, in an daina yana iya dawowa, wasu ma ido take sa musu ya yi ja. A firji ake ajiye ta, mu da sai mu kwana mu yini ba wuta. Ƙwayoyin da likitan ya ambata a gurguje irin su Rinvoq sai an yi gwajin tarin fuka kafin a fara, wannan ma ya tsallake, yana ta cewa nan gaba za su yi araha. Nan gaba yaushe? Da ya koya mana yadda ake shafa basilin da zarar an fito daga wanka, da illar mayukan sitiroid ɗin da mata ke saya a kemis suna lafta wa yara har fuska, da mun amfana.

Sannan layin wayarku kullum a cike, sai mutane ukun nan da kuka saba su suke shiga suna gaishe-gaishe, katina ya ƙare a banza. A gyara don Allah.

Mai sauraronku daga Gwammaja, Kano