Wasiƙa daga Jos: an ce in rage surutu a aji

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Shirun ya yi yawa, na kuma san za ka ce laifina ne. To, na ɗauka. Ya zafin Sakkwato? Mu nan hunturu ya sa mu gaba, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala.

Bari ka ji wannan. An tura mu bita ta kwana 5, wai a koya wa malaman kwalejin ilimi yadda za su sakar wa ɗalibai ragamar darasi. Ni da na shekara 19 ina yi wa yara shifta daga littafin nan mai jan bango, wanda kake cewa ya girmi ɗan farina! Ranar farko mai bitar ta ce in koyar na minti 10, ta riƙe agogo. Da na gama ta ce minti 9 ni kaɗai nake magana, ɗayan kuma allo nake gogewa. Wuri ya kaure da dariya.

Raina ya sosu, amma hujjarta ta kama ni. NCE, wato takardar shaidar malanta da kwalejin ilimi ke bayarwa, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Bayan shekara 3 yaranmu za su shiga firamare, kuma yadda muka yi musu haka za su yi wa 'ya'yan mutane, ko me NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, ta rubuta a manhaja daga Abuja. Dabarar kuwa ba wuya a baki: ka jefa tambaya, ka yi shiru kowa ya yi tunani, ya juya su tattauna da na kusa da shi, sannan ka saurare su. Shirun nan ne azaba, wallahi harshena har ƙaiƙayi yake.

Af, mutuminka mai shayin Dilimi ya ƙara aure, ya ce har yanzu yana binka kuɗin ƙwai. Dankali kuma a Farin Gada sai dai kallo.

Ran Litinin na gwada a ajina. Sun haura 100, bencuna kuma a kafe suke da ƙusa, ba halin juya su. Hayaniya ta tashi har shugaban sashe ya leƙo, ya zaci faɗa ake. Can sai wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta miƙe daga baya, ta nuna yadda take koya wa ƙannenta rabi da kwata da karan rake, gaɓa-gaɓa. Na tsaya riƙe da alli kamar baƙo.

Damuwata ɗaya: jarrabawa ta matso, ko rabin manhaja ban ci ba. Darasin da nake gamawa a awa ɗaya yanzu sai ya cinye biyu, masu sayar da handawut, wato takardun darasi da ake sayar wa ɗalibai, kuma sun fara yi mini kallon banza.

An kira magariba. Ka gaida uwargida, ka ce yajin da ta aiko ya ƙare.

Naka,
Abokinka na Gangare