Sanarwa: zaman tattaunawarmu da batun taron Amurka

Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa ɗalibai.

Zamanmu na wannan wata zai kasance ranar Asabar bayan sallar Isha'i, a nan cikin rukuni. Maudu'in shi ne raba addini da gwamnati. Don Allah kowa ya karanta sashe na 10 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 kafin ya zo. Layi biyu ne kacal: gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Kalmar "sekula" (wato tsarin da ba ruwan gwamnati da addini) da ake ta ja-in-ja a kanta ba ta cikinsa ko kaɗan, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Za mu kwatanta da dokar Faransa ta 1905 wadda ta raba coci da gwamnati, da kundin Nijar na 2010 wanda ya yi maganar raba gwamnati da addini. Ƴan uwanmu na Zinder da Maraɗi, muna jiran bakinku a kan wannan. Muhawarar Shari'a a majalisar tsara kundin Najeriya ta 1978 ma za ta shigo.

Sai kuma taron shekara-shekara na American Academy of Religion (ƙungiyar masana nazarin addini ta Amurka), wanda ake yi kowane watan Nuwamba. Ana rufe karɓar taƙaitattun muƙalu tun wajen farkon Maris, don haka mai niyya ya fara rubutu da wuri. Neman biza ma sai an tashi tsaye.

Wanda ya shirya daftari ya turo nan mu duba masa.

Allah ya kai mu.