Zawon “haƙori” da kunu tsararo suna cinye ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da iyayen yara na Zariya da kewaye, domin akwai ɓarnar da ake yi wa yaro tun yana goye, ba a ganinta sai ya shiga aji ya kasa riƙe karatu.

Daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu kwana 1,000 ne, kuma a cikinsu ƙwaƙwalwa ke yin mafi yawan gininta. Kafin shekara uku ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta babban mutum. Kayan ginin kuwa, wato sinadaran abinci irin su ayan (mai ƙara jini) da aidin da zink da kitse da furotin, ba su da ƙofar shiga jini sai hanji.

Bangon ƙaramin hanji cike yake da 'yan tsirarrun yatsu kamar gashin tawul, su ke tsotse abinci. Yaro mai rarrafe a tsakar gida ya dafa kashin kaji ya kai hannu baki, yau haka gobe haka, sai bangon hanjin ya kumbura, yatsunsa su gajarce. Ko zawo bai fito fili ba, yaron yana ci amma abincin wucewa yake yi, sai ya tsumbure. Don haka killace kaji, shimfiɗa wa yaro tabarma mai tsafta, da wanke hannu da sabulu bayan an yi masa tsarki, duk cikin ciyar da shi suke.

Dakashi ba dattin nono ba ne, kada a matse shi a zubar. Shi ne rigakafin farko. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ci gaba da nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba dauri, ko da zafin watan Afrilu ne. Zuma kuwa sai bayan shekara ɗaya. A cikin nonon uwa akwai wani nau'in sukari da jariri ba ya narkarwa, abinci ne na ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a hanjinsa, waɗanda ke hana miyagu samun wurin zama.

Waɗannan ƙwayoyin ne muke kashewa idan muka ruga kemis muka sayo Flagyl ko Septrin don yaro na zawo an ce “haƙori ne”. Haƙori ba ya kawo zawo. Abin da yaro ke ɗauka yana cizo don ƙaiƙayin dasashi shi ke kawowa. Yawancin zawon ƙananan yara na bairos ne, wanda waɗannan magunguna ba sa taɓawa. Abin da ake bukata shi ne ORS, wato garin gishiri da sukari na fakiti, a dama shi da daidai ruwan da aka rubuta a jikin fakitin, a zubar da ragowar bayan awa 24, sai zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 (rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba), ko da zawon ya tsaya a kwana na uku. Kada a daina nono ko abinci. Tun 2022 rigakafin rota, wani bairos mai kawo wa yara zawo, ya shiga jerin rigakafin yara a Najeriya, ana ɗigawa a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa.

Sai kunu. Cikin ɗan wata takwas bai wuce ƙaramin kofi ba. Idan aka cika shi da kunu tsararo, ruwa ya sha. A yi kaurin da zai zauna a cokali in an karkata shi. Haɗin garin kunun da ake kira Tom Brown mai sauƙi ne: mudu shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A soya waken sosai a cire ɓawonsa, domin ɗanyensa na hana narkar da furotin. Gyaɗar kuma a tsince ta ɗaya bayan ɗaya: wadda ta yi fumfuna ko ta motse tana iya ɗauke da gubar aflatozin mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu ko uku a rana, daga wata 9 sau uku ko huɗu. A riƙa ƙara ƙwai, hanta, garin kifi, zogale, kabewa da ɗan manja. Masarar nan mai ruwan lemo da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar tana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Shayi kuwa yana hana hanji tsotse ayan, shi ya sa shayi da burodi ba karin kumallon ɗan yaye ba ne. Kindirmo yana da kyau ga hanji muddin an tafasa madarar kafin a bar ta ta yi tsami.

Abin bai tsaya a yarinta ba. Waɗanda iyayensu mata ke ɗauke da cikinsu lokacin yunwar da aka yi a ƙasar Holan daga 1944 zuwa 1945, da suka manyanta an fi samun ciwon suga da na zuciya a cikinsu. Jikin da aka gina cikin rashi, in daga baya aka ɗura masa lemon kwalba da biskit da taliyar leda, ya fi saurin kamuwa da hawan jini da suga. Wake, ganye da hatsin da ba a surfe shi ƙal ba su ne abincin ƙwayoyin babban hanji, su kuma suna samar da abin da ke ciyar da bangonsa.

Muna roƙon masu kemis su daina miƙa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba. Iyaye kuma, in kun ga jini a kashin yaro, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko zawon ya kai mako biyu, ku kai shi asibiti a ranar.

Wasu ma'aikatan lafiyar yara,
Zariya