Kalmar "plenty" da yaranmu na Makka

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini. Ni malami ne, ina koyar da Turanci bayan Isha a Sharar Mansur, nan Makka. Ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne da aka haifa a nan, Larabci a makaranta, Hausa a gida. Mafi yawansu aikin otal suke nema a kewayen Harami, inda Turanci ya zama dole.

Abin da ke damuna shi ne kalmar "plenty". Yaran sun tsince ta a bakin 'yan'uwa masu zuwa Umra daga Najeriya, sai ka ji suna "plenty people", "plenty money". A Turancin kasuwa na gida wannan daidai ne, ban kuma raina shi ba, yana biyan bukatar miliyoyin mutane. Amma a jarrabawa ko gaban manaja, sai an saka "of" kafin sunan abu: "plenty of water". Ba kasafai ake haɗa ta da korewa ba. Wanda bai da isasshen lokaci "not enough time" zai ce.

Ma'anar ta fi ba ni aiki. Sun ɗauka "da yawa" ce kawai, alhali ta fi kusa da wadata, abu ya isa har da saura. Daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci, tushenta kuwa kalmar Latin ce mai nufin cikakke. Idan aka ce maka "plenty of time", ana nufin ka kwantar da hankalinka, lokaci bai ƙure ba. Wani ɗalibina yana zuba wa wata Hajiya daga Ingila shinkafa a ɗakin cin abinci, ta ce "that's plenty, thank you". Shi kuwa ya ji an ambaci yawa, sai ya ƙara mata cokali biyu. Baiwar Allah cewa take ya isa haka. Ranar ya sha faɗa wajen shugabansa, ya zo aji ransa a ɓace, kuma wallahi yaron mai ƙoƙari ne.

Ƙamus na Turanci da Larabci da ke hannunsu bai warware musu wannan ba, sai da na ce "wadata" da Hausa suka gane. Shi ya sa nake roƙonku ku buɗe fili ko sau ɗaya a mako, malamai su riƙa ɗaukar kalma guda suna bayaninta da Hausa, da misalan wurin aiki. Muna karanta ku ta waya a nan, zan kuma riƙa kai shafin aji.

Naku,
Malamin Turanci,
Sharar Mansur, Makka