Rahoton ayyukan bana: auna hargitsin ruwa a ƙasan teku

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, ga abin da ƙungiya ta yi bana kamar yadda ciyaman ya ce in rubuto.

Zaman karatunmu na wata-wata kusan duk kan na'urori ya ƙare. Mun fi daɗewa kan VMP, na'urar auna hargitsin ruwa daga sama zuwa ƙasan teku, ta kamfanin Rockland Scientific na Kanada, akwai mai kaiwa mita 6000, ita wannan sakinta ake ta nitse da kanta ba igiya, in ta kai ƙasa sai ta yar da nauyin da ke jan ta ta taso. A bakinta akwai ɗan tsinke mai jin motsin ruwa, irin wanda Thomas Osborn ya shigo da shi aikin teku a shekarun 1970, da na auna zafi FP07, suna ɗaukar awo sau 512 a sakan ɗaya, kuma ko girgizar jikin na'urar kanta ta isa ta ɓata aikin.

Tarihi ma mun ɗan taɓa. Walter Munk a 1966 ya lissafa yawan gaurayuwar ruwa da ya kamata hargitsi ya kawo a cikin teku, amma da su Jim Ledwell suka zuba sinadarin SF6 don bin yaɗuwarsa a ruwa, yamma da tsibiran Kanari a 1992, a zurfin kusan mita 300, kashi ɗaya cikin goma na lissafin Munk kawai suka gani. Sai a 1997 awon da aka yi a kwarin Brazil da ke ƙasan tekun Atlantika ya nuna hargitsin ya fi ƙarfi a saman duwatsun tsakiyar Atlantika, inda ƙasa ke shimfiɗe kuwa ruwan shiru yake.

To mu dai ba jirgi ba na'ura, kowa ya sani. Shi ya sa ni a ganina aikin da ya fi amfanar mu shi ne hanyar Thorpe ta 1977. Ka sauko da bayanan CTD (na'urar auna gishiri, zafi da zurfin ruwa) na kyauta a intanet, ka sa kwamfuta ta jera ruwan mai nauyi a ƙasa mara nauyi a sama, nisan da kowane ya matsa shi zai nuna maka girman juyin da ruwan ya yi. Masu iya Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a cikinmu sun yi ƙoƙari wallahi, Allah ya saka. Sai dai a kula, can ƙasa inda nauyin ruwan kusan ɗaya ne, ƙaramin kuskuren na'ura sai ya zo kamar hargitsi, mun sha gardama a kai kuma har yau ba a daidaita ba.

Baɗi in sha Allahu LADCP za mu shiga, mai auna gudun ruwa da sauti. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba dan Allah a tuntuɓi ma'aji, da shi muke saya wa ɗalibai data.

Sakatare